Rubutun Tsaf-Tsaf a Bangon Kogo

Sunan da aka raɗa masa yana nan a katin shaidarsa, amma rabon da wani ya kira shi da shi har an manta. Tsaf-Tsaf kowa ke ce masa, tun yana ɗan koyo. In ka kawo masa aiki ka tsaya kana ja masa kunne kada ya ɓata maka allo, ko kallonka ba zai yi ba, sai ya ce, "Je ka dawo jibi, za ka same shi tsaf-tsaf." Ka dawo jibin kuwa, haka za ka same shi.

Mai rubutun allo ne, irin allunan shaguna da na hanya. Shagonsa na bayan tashar mota, tsakanin mai facin taya da wani ɗan kantin magani, ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe wanda in ka zauna cikinsa rabin awa, warin fenti da kananzir sai ya raka ka har gida. Buroshinsa a jere suke cikin gwangwanayen madara, gashi sama, daga mai faɗin tafin hannu har wanda bai fi tsinken sakace ba. Yana da wata igiya da yake turbuɗawa cikin garin alli, ya ɗaure ta a allo, ya ja ya saki, layi ya fito ɗoɗar. Shekara arba'in da 'yan kai, da wuya ka ga shagon aski, ko makarantar yara, ko bayan motar haya a wannan ɓangare na gari da hannunsa bai taɓa ba. Tun daga nesa ake gane aikinsa, don kowane harafi sai ya yi masa baƙar inuwa ta ƙasan dama, ka ga rubutu kamar zai taso daga allon ya gaishe ka.

Da injin buga hotuna a leda ya shigo gari, aiki ya ja baya. Bai yi zuciya ba. Ya koma rubuta lambobin gidaje, da gargaɗin kada a zuba shara a nan, da allunan tsofaffin abokan hulɗa waɗanda suka ce su dai hannu suka sani. Da wannan ya ƙarasa rainon 'ya'ya biyar, shi da matarsa, wadda ke ɗinki a cikin gida, mace mai ƙarancin magana, amma in ta yi maka ɗaya sai ka kwana uku kana juya ta.

Ba mai fariya ba ne, in ka cire labari ɗaya. Yana da shekara ashirin da uku maigidansa ya samu aikin allunan hanya na wani babban gandun namun daji, tafiyar kwana biyu daga garinsu, ya tura shi. Mako uku ya yi a can yana rubuta "Rage gudu" da "Kada a ciyar da birai". Ranar da zai taho, fenti ya ragu, fari da shuɗi da ɗan baƙi. Ƙuruciya na ɗibarsa, ya kinkimi gwangwanayen ya hau wasu duwatsu da ke can ƙuryar gandun, ya tarar da wani kogo mai bango sumul, inda ruwa ba ya taɓawa, rana ba ta duka. Akwai wasu 'yan zane-zane ja-ja a jiki, ya ɗauka wasan yaran makiyaya ne. Ya sa buroshin waya ya kankare, ya shimfiɗa farin fenti hawa biyu, ya jira ya sha iska, sannan ya gyara tsayuwa ya tsara sunansa.

"Duk allon da na rubuta a garin nan, wata rana rana za ta cinye shi," haka yakan ce in an gama cin abinci ana hira a tsakar gida. "Amma wancan? Sai dai jikokin jikokinku su je su karanta."

Yaran sun haddace labarin. Da ya kawo wurin farin fenti sai su haɗa baki, "Hawa biyu, Baba!" Matarsa kuwa, ba tare da ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba, takan ce, "To, biran sun iya karatu ne?"

Autarsu ta auri wani likitan dabbobi, yaro mai hankali da ladabi, sai dai yana da cuta guda: ba ya iya ganin hutu ya zauna gida. Da ya samu kwana biyar zai cika mota da mai, ya ɗauki matarsa su tafi ganin wani abu da wani ya taɓa ba shi labari, ko da tsohuwar gada ce. Wata rana Auta ta shigo shago, ta share bencin da gefen mayafi ta zauna.

"Baba, bana da ku za mu. Likita ya duba taswira, gandun nan naka kwana biyu ne in an bi a hankali. Mu je mu ga allon nan da aka ishe mu da shi tun muna goye."

"Shagon fa, wa zan bar wa?"

"Shagon da kai da mai faci kuke yini kuna musun ƙwallo?"

Ya yi ta ja kamar ba ya so, amma kwana uku kafin tafiya ya je aka yi masa aski, kuma babu wanda bai ji labari ba, daga mai faci, mai kantin magani, har direbobin tasha. Da yana haɗa kaya, matarsa ta gan shi yana naɗe ɗan gwangwanin shuɗin fenti da buroshi biyu cikin tsumma, yana cusawa a jakar rataye.

"Wannan fa?"

"Shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Ko da wani harafi ya ɗan koɗe."

Suka kama hanya da sassafe, Likita na tuƙi, surukinsa a gefe, mata a baya da kwandon burodi da dafaffen ƙwai. Likita ba ya wuce gari sai ya tsaya, don ya ce kowane ɗan gari yana da abin da yake taƙama da shi, wulaƙanci ne a wuce ba a duba ba. A gari na farko, wani ƙaton tulun siminti ne a tsakiyar shataletale, ya fi soro tsawo, suka tsaya a gindinsa aka yi hoto. A na biyu, tsohon kan jirgin ƙasa ne a ƙarƙashin rumfar kwano, awaki na kwance a inuwarsa, mai gadin ya bar Auta ta hau ta kaɗa ƙararrawa. A na uku suka ziyarci wani dattijo da ya gina gidansa kaf da kwalaben lemo, haske na shigowa ɗakin kore-kore.

"Allah ya sa ba shi kaɗai ya shanye su ba," in ji matar Tsaf-Tsaf a kunnen 'yarta.

Shi kuwa gogan, ba tulu yake kallo ba, ba jirgi ba. Alluna yake karantawa. "Likita, dubi harafin can, kamar macijin da mota ta taka." "Wannan bai ja layi ba, rubutun na gangarawa kamar zai je ɗiban ruwa." A gidan kwalabe har sai da ya tambayi dattijon wa ya rubuta masa allon ƙofa. Dattijon ya ce ɗansa ne. Tsaf-Tsaf ya ce, "Allah ya ƙara basira," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Suka kwana a wani masauki na bakin hanya, kashegari da la'asar suka isa ƙofar gandun. Allunansa na da babu ko ɗaya, duk an sauya su da na ƙarfe bugun inji. Bai damu ba, ya san inda ajiyarsa take. Kafin rana ta faɗi aka zaga da su cikin wata buɗaɗɗiyar mota. Suka ga barewa garke-garke, suka ga ɓauna sun tsaya suna hararar mutane kamar an taɓa yi musu laifi, can nesa kuma giwaye uku na tafiya kamar duwatsun da suka gaji da zama. Wani biri ya fizge burodi a hannun Auta ya haye bishiya yana ci yana kallonta. Kowa na dariya, hankalin Tsaf-Tsaf na kan duwatsun da yake hangowa ta gabas.

"Gobe in mun hau, kada wanda ya ce komai," ya gargaɗe su. "Ku bari mai rakiyar ya gama zuba bayaninsa. Sannan in ce masa, to ga mai aikin a gabanka."

Da safe aka haɗa su da wasu ɗaliban kwalejin horar da malamai, su wajen ashirin, da malaminsu. Mai rakiyar ashe mace ce, ma'aikaciyar gandun, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, sanye da koren kaki da takalmin daji, da sanda a hannu, muryarta kuma ba sai ta ɗaga ba ake jinta. Hanyar da ya taɓa bi yana kama saiwoyi yanzu an yi mata matakala har da ƙarfen dafawa. Yana haki yana murmushi. A ransa ya ce, har da matakala.

A bakin kogo na farko ta tsayar da su. "Don Allah kada kowa ya taɓa bango, ko da yatsa ne. Gumin hannu ma cin sa yake yi."

Ta nuna da sanda daga nesa. Da idonsa ya saba da inuwar wurin, sai ya fara gani. Shanu ne masu dogayen ƙaho, ja da fari, a jere. Ga maza riƙe da baka, ga wata mace ta sunkuya kan yaro, ga tambarin tafin hannu ƙanana da manya. Ɗalibai na ta ɗaukar hoto. Shi da ya san buroshi sai ya ga abin da ba su gani ba: layin bayan babbar saniyar nan, daga tozo har wutsiya, da ja ɗaya aka yi shi, hannu bai tsaya ba, bai yi rawa ba. Shi kansa sai da ya shekara goma a sana'a kafin ya iya irin wannan jan. Ko wane ne ya yi shi, gwani ne.

"Masana sun zo sun auna," in ji ma'aikaciyar. "Sun ce zanen nan ya girmi duk wani gini da ke tsaye a ƙasar nan. Shekaru dubbai. Ba mu san sunan mutanen ba, ba mu san harshensu ba. Wannan kaɗai suka bar mana."

Tsaf-Tsaf ya ƙura wa jan launin ido. Ya san wannan ja. Ya taɓa ganin garinsa na zuba a kan yatsun ƙafarsa. Sai ya tsaya cak, ya dafa ƙarfen.

"Baba, ko mu huta?" in ji Likita.

"A'a. Mu je."

Suka wuce kogo na biyu da na uku, bai ji abin da aka faɗa ba. Sai ma'aikaciyar ta juyo ta ce, "Yanzu zan kai ku inda ba na son kai mutane, amma dole ce. Shi ne kogo mafi girma, da bango mafi kyau."

Suka sha kwana, ga shi nan. Farin fili, faɗinsa ya kai ƙofar shago, ko ɓarewa bai yi ba. A tsakiya, da shuɗi mai haske, kowane harafi da baƙar inuwarsa ta ƙasan dama: TSAF-TSAF MAI RUBUTUN ALLO YA ZO NAN. A gefen farin, ta hagu, ga ƙafafun baya na wata saniya da wutsiyarta, sauran jikin ya shige ƙarƙashin fenti. Ta dama, ga rabin hannun mutum a miƙe, ba a san abin da yake miƙa wa ba.

Likita ya riga ya ciro wayarsa tun a hanya don ya ɗauki surukinsa a gaban aikinsa. A hankali ya mayar da ita aljihu.

"Ba fenti kawai ya shafa ba," in ji ma'aikaciyar. "Sai da ya kankare bangon tukuna. Kun ga sawun buroshin waya a gefe. Babu wanda ya ɗauki hoton wurin kafin nan, don haka ba mu san abin da muka rasa ba. Abin takaicin kuma, mutumin ya san aikinsa. Da ɗan koyo ne, da tuni fentin ya ɓare don kansa. Wannan kuwa an ce zai iya ƙara wata shekara ɗari."

Yabon da ya shekara arba'in yana jira ke nan, ya zo masa a haka.

"A takarda wurin nan lamba gare shi," ta ci gaba. "Amma direbobi da baƙi Kogon Tsaf-Tsaf suke ce masa. Ya samu abin da yake so."

Ɗalibai suka kaure da surutu. Wannan ya ce ɗan iska ne, waccan ta ce Allah ya isa, malaminsu ya ce su dubi abin da jahilci ke yi in ya samu kayan aiki. Wani dogo a cikinsu, mai ɗaukar bidiyo da waya, ya juyo da ita kan Tsaf-Tsaf, cikin girmamawa.

"Baba, kai ne babba a nan. Da za ka haɗu da mutumin nan, me za ka ce masa?"

Aka yi tsit ana jiran dattijo. Yana jin gwangwanin shuɗin nan a jakarsa ya tokare masa ƙugu, kamar kowa na ganinsa ta cikin tsumman. Bai dubi inda iyalinsa suke ba.

"Ai irin waɗannan, ɗana," ya ji muryarsa na cewa, "rashin tarbiyya ne. Ba a koya musu darajar abu ba. Allah dai ya shirya."

"Amin, Baba!" suka amsa gaba ɗaya.

Auta ta juya baya tana gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Matarsa ta dube shi sau ɗaya, ta sauke ido ƙasa.

Saukowa ta fi hawa tsawo. A rumfar cin abinci ta masaukin gandun aka kawo musu shinkafa, ya yi ta juya cokali. Likita, bawan Allah, ya yi ƙoƙarin jan hira kan ciwon kofaton ɓauna, babu wanda ya kama masa. Daga bisani ya ce zai je duba iskar taya, Auta ta ce za ta raka shi, kamar duba taya aikin mutum biyu ne. Aka bar tsofaffin su kaɗai.

Matarsa ta gama cin nata, ta wanke hannu, ta goge.

"Fentin nan, ban ga laifinka can-can ba," ta ce. "Yaro ne kai, ba wanda ya gaya maka. Ni ma shekara nawa ina jin labarin ina dariya." Ta ninke ɗan tawul ɗin ta ajiye. "Amma yau ba yaro ba ne ya yi magana."

Ya zauna har inuwar rumfar ta matsa daga ƙafarsa. Ya tuna marigayi maigidansa, wanda bai taɓa barin ya tafi gida da datti a buroshi ba, da mahaifiyarsa, su ne yau ya ce ba su yi masa tarbiyya ba, a gaban surukinsa. Sannan ya tashi, ya saɓa jakarsa, ya nufi ofishin gandun.

Ɗan ƙaramin ofis ne, tebur biyu, fanka na juyi a kasalance, ƙoƙon kan wata dabba a kan kabad. Ma'aikaciyar na zaune ta cire takalmi ɗaya tana cike wata takarda.

"Sannu Baba. An manta wani abu a sama ne?"

"'Yata, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Mai rubutun."

Ta yi dariya, ta ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Bai yi musu ba. Ya jawo wata takarda a teburin, ya karɓi biron hannunta, ya ja harafin farko na sunansa, ya yi masa inuwa ta ƙasan dama. Ya tura mata. Dariyar ta ɗauke. Ta dubi takardar, ta dube shi, ta mayar da takalminta.

"Shekara tara ina aikin nan," ta ce a hankali. "Kullum sau biyu nake hawa dutsen can. Kullum sau biyu nake zaginka, Baba. A raina wani ƙaton banza nake gani, mai jajayen ido."

"Ba ki yi laifi ba."

"Ɗazu kuma ka tsaya a gabana ka ce..."

"Na ce. Shi ya kawo ni." Ya ciro gwangwanin da buroshin ya ajiye a teburin. "Har da wannan na zo, wai in sabunta. Ki ga iyakar hankalina. In akwai hukunci, ga ni."

Ta fita ta kira shugabansu, wani mai furfura da ya kusa ritaya. Ya saurara a tsaye, ya yi ta girgiza kai, ya ce a wancan lokacin ko shinge babu a wurin, hukuma ma ba ta san darajarsa ba, ɗaure tsoho kuma ba zai dawo da saniya ko ɗaya ba. Tsaf-Tsaf ya ce to a ba shi dama ya cire fentin, ya san yadda ake yi, da tina, ruwan narkar da fenti, da haƙuri. Ma'aikaciyar ta ce a'a, har ta ɗaga hannu. Masana sun ce duk abin da zai narkar da fentin zai tafi da ɗan abin da ya rage a ƙarƙashi.

Sai ta jawo kujera kusa da shi, muryarta ta sauya.

"Baba, duk duniya kai kaɗai ne ka ga bangon nan kafin a rufe shi. Mene ne a jiki?"

Ta ba shi babbar takarda da fensir. Ya sunkuya. Ya zana wata babbar saniya a tsakiya, don yana jin akwai. Ya sa mutane a sama, hannuwa a ɗage. Ya yi wani abu zagayayye, ya goge, ya sake yi. Can ya ajiye fensirin.

"Ban sani ba ko tunawa nake yi, ko na ɗazu nake kwaikwayo. Na fi rabin awa ina kankarar wurin nan, fuskata kusa da shi kamar haka. Amma ban duba ba, 'yata. Bango nake gani, ba zane ba."

Sai ta ce ya gaya mata abin da ya tabbata da shi. Nan kam bakinsa ya buɗe. Ya faɗi irin fentin, na mai ne, da abin da ya tsinka shi da shi, da tsawon lokacin da ya bari tsakanin hawa na farko da na biyu. Tana ta rubutawa. Sai ya tuna wani abu. Kusurwar sama ta hagu hannunsa bai kai ba, babu abin takawa, don haka bai kankare ta ba. Buroshi ya ɗaura a sanda ya shafe wurin kawai, kuma hawa ɗaya.

Ta ɗago kai da sauri. "Ka tabbata?"

"Abin ya daɗe yana damuna. Shi kaɗai ne ha'incin da na yi a aikin."

Shugaban ya yi wata gajeriyar dariya, ya kama bakinsa. Da Tsaf-Tsaf zai fita, ma'aikaciyar ta tambaye shi ko ta riƙa gaya wa baƙi cewa mai rubutun ya zo da ƙafarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Ki faɗa. Ki haɗa da cewa da aka tambaye shi a gaban jama'a, ya ɗora wa wani."

"Wannan kuma tsakaninka da iyalinka ne, Baba," ta ce.

A hanyar komawa Likita ya tsaya a wani gari mai rijiyar da in ka yi magana a bakinta take maimaitawa sau uku. Mata suka sauka suka je. Tsaf-Tsaf ya ce ƙafarsa na ciwo. Likita ya zauna tare da shi a mota, kowa na kallon gabansa. Can tsohon ya ce, "Likita, ka ga tsiraicin surukinka." Likita ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ga komai ba sai dattijon da ya tashi ya tafi ofis ba wanda ya aike shi. Tsaf-Tsaf bai karɓi wannan ba, amma ya gode.

Abin da ya fi tsoro shi ne shago. Ko buɗe ƙofa bai gama yi ba mai faci ya taso da ƙarfen taya a hannu. "Yaya, ka ga allon naka? Yana nan?"

"Yana nan."

"To ba mu labari mana!"

Ya ba shi, tun daga matakala har ofis, bai rage komai ba. Kafin azahar tasha duk ta ɗauka. Direbobi suka yi mako biyu suna tsokanarsa, wani ya ce ya zo ya yi masa rubutu a mota amma don Allah kada ya kankare injin. Yana murmushi yana haɗiyewa. Bidiyon ɗalibin nan kuwa bai taɓa gani ba, bai kuma san inda ya shiga ba. Ya daɗe in ya ga matasa sun haɗa kai kan waya suna dariya sai ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri.

Bayan wajen wata goma, Auta ta zo gida da yamma da wayarta a hannu. Ma'aikaciyar gandun ce ta aiko da saƙo. Masana sun dawo, sun gwada kusurwar da ya faɗa, sun yi kwana shida suna ɗaga fentin da 'yar wuƙa kamar ta masu fiɗa, sun buɗe wuri kamar faɗin tafin hannu biyu. Sun gwada tsakiya ma, can babu komai sai dutse da sawun buroshin waya. Ga hoton kusurwar.

Ya karɓi wayar da hannu biyu. A takardarsa, mutane ya zana a wannan kusurwa. A hoton kuwa babu mutum ko ɗaya. Kan wata dabba ne, ja, da kunne ɗaya, da ƙaho da ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin farin da ba a buɗe ba.

"Ki ce mata ta yaga takardar nan tawa, kada ta ɓatar da mutane."

"Ta ce tana cikin fayil, Baba, ba za ta yaga ba."

Matarsa ta tashi daga kan keke, ta ɗauko tabaraunta, ta zauna kusa da shi a tabarma. Ta sa Auta ta ƙara girman hoton. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ai akuya ce."

"Saniya ce. Dubi kaurin wuyan."

"Ni da na yi kiwon awaki a gidanmu za ka gaya wa? Dubi kunnen."

Auta ta ce bari ta tura wa Likita ya raba gardama, tunda aikinsa ne. Ta tura, suka zauna su uku suna jiran amsa, wayar na hannun tsohon.